Inda Mutanen Garki Suka Yi Dariya

Ɗan yayana ne ya ja ni wannan tafiya. Shi da abokansa huɗu suka haɗa kuɗi, wani ya sayar da babur ɗinsa, wani ya roƙi mahaifiyarsa ta ba shi kwasar adashinta, suka yi fim na barkwanci ba tare da wani babban furodusa ya tsaya musu ba. Gajerun labarai biyar suka jera a cikinsa, kowane labari da wanda ya ba da umarninsa, kuma babu wanda ya kai minti ashirin. Sau ɗaya aka haska shi a wani ɗakin sinima a Kano. Na je, na zauna a kujera mai laushi, sanyin na'ura yana ratsa ni, aka yi dariya, aka tafa, aka yi hotuna a bakin ƙofa. A hanyar komawa Dutse yaron nan bai bar ni na runtsa ba. "Baffa, ka ji yadda suka yi dariya a na farkon nan? Don Allah ka ji?" Na ce na ji. Na ƙara da cewa tunda labarin farkon a kan baƙauye ne, in ya cika namiji ya kai wa mutanen karkara su ma su gani. Da wasa na faɗa. Bayan mako uku sai ga shi a ƙofar gidana, filashi a aljihu, majigin aro a jaka, wai Garki za mu, wajen Kawu.

Mun bar Dutse da hantsi ranar wata Asabar, kaka ta zo ƙarshe, hunturu ya fara leƙowa. Duwatsun da garin ya ci sunansu suna tsaye cikin hazo, itatuwan dabino a gindinsu. Ƙaramar motar haya ce, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, yaron ya rungume jakar majigi a cinya kamar mai jego da jaririnta. Muka wuce Shuwarin, muka bi ta Kiyawa muka nufi Jahun. Ko'ina ka duba an gama da gero, sai kara. Riɗi an yanke an kafa shi a tsaye yana shan rana kafin a kaɗe, gonakin zoɓo kuma sun yi ja wur, mata da yara a duƙe suna tsinka. Waɗannan biyun su ne kuɗin manomin Jigawa a yanzu, su ake lodawa a manyan motoci a kai Legas, daga can a haye teku da su. Bayan Jahun muka shiga fadamun kogin Haɗeja, inda masu noman rani suka fara gyaran fangali.

A Gujungu, mararrabar da hanyoyin Gumel da Haɗeja da Kano suke haɗuwa, muka sauya mota. Ringim muka nufa, don a can wani abokinsa zai ba shi aron lasifika. Muna jiran abokin a inuwar darbejiya na nuna masa layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930 lokacin da gyaɗa take sarauta. Na ce masa da Ringim da Garki duk gundumomin masarautar Kano ne a da, sai bayan da aka ƙirƙiro jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 Ringim ta zama masarauta mai ƙananan hukumomi huɗu, ita da Taura da Babura da Garki. Ya ce "to, Baffa," idonsa yana kan wayoyin lasifika yana ƙirga su.

Daga Ringim muka yi arewa, kuma a nan ne mutum yake gane inda jihar ta samo sunanta. Ƙasa jigawa ce, rairayi mai haske, kuka da aduwa jefi-jefi, amalanken shanu ɗauke da dammuna suna ratse mana a hankali. Gawo ya fara sabon ganye, shi da ba ya yin ado sai damina ta tafi.

Ana kiran la'asar muka isa Garki. Kawu yana zaure a kan buzunsa. Da ya ɗaga ido ya ga yaron sai ya ce, "Wa nake gani haka? Ɗan fim ne ya zo ƙwace mini mata?" Daga cikin gida Inna ta amsa, "Ai angon nawa hannu rabbana ya zo, ko turmin atamfa babu." Yaron ya ce, "Kaka, fim na kawo miki." Ta ce, "Fim ɗin ake ɗaurawa?" Aka kawo fura mai sanyi a kwanon sha. Taubashina, babban ɗan Kawu, wanda na riga na yi wa waya ya nemo mana wurin haskawa, bai bari na haɗiye ludayin farko ba. "Wato mu ne ƙauyawan da za a gwada fim a kanmu? Garki hedikwatar ƙaramar hukuma ce, malam. Ka manta a ɗakin can Gwaggo ta yi wankan jegonka?" Na ce ban manta ba, shi ya sa na zo da kunya.

Da yaron ya fito da majigin, abin da bai fi burodi guda girma ba, Kawu ya juya shi a hannu ya ce, "Wannan ne majigin? Namu da mota yake zuwa." Ya ba mu labarin yadda sankira yake zaga gari tun da rana, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi, gari ya fito kaf bayan sallar isha'i, maza gefe, mata gefe, yara a gaba a kan rairayi. Akwai mai bayani da yake tsaye da lasifika yana fassara abin da ake gani. Ba fim ɗaya ake sawa ba. A fara da labarun gwamnati, a kawo na tsafta ko na rigakafi, a kawo na noma irin su Baban Larai da aka yi don auduga, wani lokaci kuma a ɗan sa na ban dariya don kada yara su yi barci. Na dubi ɗan yayana na ce, "Ka ji, ashe fim biyar a zama ɗaya ba ku kuka fara ba."

Tsarin nan yana da asali. A 1939 Ingila ta kafa sashen yin fina-finai don ƙasashen da take mulka, ta ba William Sellers jagorancinsa, jami'in kiwon lafiya ne da ya fara gwada fim a Legas wajen yaƙi da annoba. Yawancin fina-finan koyarwa na wancan zamani a kan mutum biyu ake gina su, mai wayo da wawa. Mai wayo ya bi shawarar hukuma ya ci riba, wawa ya riƙe hanyar iyaye ya sha wuya, 'yan kallo su yi masa dariya. Wato tun ranar da hoto mai motsi ya fara shiga karkara, da wawan ƙauye ya shigo a goye.

Kawu bai san sunan Sellers ba, amma ya san baƙi masu zuwa da kayan aiki. Yana saurayi aka yi zamanin da yake kira na masu sauro. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki, a garuruwa irin su Sugungum da Rafin Marke. Ana fesa magani a ɗakuna, ana raba ƙwayoyi, ana ɗiban jini a yatsa, ana kama sauro a ƙirga. Zazzaɓin ya ragu sosai, amma bai yanke ba, kuma da aka daina sai ya dawo. An buga sakamakon a littafi a 1980, har yau masana wannan cuta a duniya sun san sunan Garki ko da ba su san inda take a taswira ba. Kawu ya miƙa wa yaron majiginsa ya ce, "An daɗe ana zuwa a duba mu. Kai ma je ka gwada naka."

Shi dai bai bi mu ba. Dattijo irinsa ba ya shiga gidan kallo, kuma wannan ƙyama ta girme ni. Lokacin da aka buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, dodon bango mutane suke kiran abin. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya ta kashe mutum 331, da yawa suka ɗauke ta a matsayin ishara. Duk da haka Palace ta buɗe, su Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado suka biyo baya suka shayar da samarin Kano fina-finan Indiya, amma sunan ɗan sinima bai taɓa yin ƙamshi a zaure ba. Kaset ne ya kai fim ɗin Hausa cikin gida, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. A Disamba 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 ta kafa hukumar tace fina-finai. Sinima mai sanyi da gugguru ta zo ne daga baya, bayan buɗe Ado Bayero Mall a 2014, kuma ta masu abin hannu ce. Abin da matashin Garki yake da shi shi ne gidan kallon ƙwallo.

Wanda taubashina ya samo mana rumfa ce ta kwano, an kewaye ta da langa-langa, benci jere kusan goma sha biyar, talabijin biyu a gaba, inji a baya cikin ɗan keji. A bakin ƙofa akwai allo da aka rubuta wasannin ranar da alli. Mai gidan ya tare mu da tambayoyin da duk mai sayar da fim ya sani. "Wa ya fito a ciki? Akwai Bosho? Akwai Daushe?" Babu. "Waƙa nawa ce?" Babu ko ɗaya. Ya dubi taubashina kamar wanda aka kawo wa akuya ba ƙafa. Yaron ya shiga yi masa bayani cewa irin wannan fim sananne ne a duniya, a Ajantina an yi Relatos Salvajes a 2014 mai labarai shida har ya shiga takarar Oscar, a Indiya daraktoci huɗu sun haɗu sun yi Bombay Talkies a 2013, a nan gida ma matasa uku sun yi Juju Stories a 2021 an nuna shi a bikin fina-finai na Locarno. Mai gidan kallo bai motsa ba. Sai na ce masa, "Ka san Magana Jari Ce? Aku ya gama wannan labari ya kama wani? To haka ne." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato fim biyar ne?" Ya ɗauki alli ya rubuta a ƙasan Arsenal da Chelsea: FIM BIYAR KUƊIN ƊAYA.

Bayan isha'i, da aka tashi daga ƙwallo, muka ɗaure zanin gadon Inna a jikin langa-langa. Wurin ya cika har da masu tsayuwa. Akwai 'yan acaɓa, ɗaliban sakandare, mahauci da wuƙarsa a kugu, malaman firamare biyu, mai shayin bakin tasha da ya bar wa yaronsa tebur, da wasu magidanta da suka zauna can baya kusa da ƙofa don kada a ce sun shigo. Yara suka cika ƙasa a gaba. Mace ko ɗaya babu.

Labarin farko shi ne abin alfaharin ɗan yayana, shi ya rubuta, shi ya ba da umarni. Wani manomi ne ɗansa ya turo masa kuɗi, ya tafi Kano ya cira. Ya yi wa na'urar cirar kuɗi sallama, ya durƙusa ya gaishe ta, da ta haɗiye katinsa ya kai ƙararta wajen mai unguwa. A Kano nan ne ɗaki ya kusa tsagewa. A Garki dariya ta riga wurinta zuwa. Minti na farko, ana nuna manomin a gonarsa sanye da yagaggiyar riga yana noma, sai mahaucin nan ya yi ihu, "Wallahi wannan bai taɓa riƙe fartanya ba!" Wuri ya ɗauka. Manomin ya share gumi ya ce geron bana ya yi kyau, sai murya goma ta amsa masa, "Dawa ce, malam! Dawa ce!" Wani daga baya ya ƙara, "Kuma wa yake noma bayan dawa ta fid da kai?" Har da masu riƙe ciki. Ɗan wasan da aka sa ya yi wawan ƙauye, shi suke yi wa dariya, ɗan birni da ya ari rigar da bai san gabanta ba.

Da aka zo wurin na'urar kuɗi kuwa, sai wuri ya yi tsit. Yara ne kaɗai suka ƙyalƙyale. Saurayin da ke gefena, wanda na gane daga baya sana'ar POS yake yi a kasuwa, ya ce a hankali, "Yanzu wa ya rage bai san wannan ba? Tsohuwata ma ta haddace lambarta." Na waiga na hango ɗan yayana a tsugune kusa da majigi, ya sunkuyar da kai yana gyaran wayar da ba ta lalace ba. Wanzami ba ya son jarfa.

Labari na biyu ya fanshe shi, ko da yake na abokinsa ne. An gina shi a kan wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000. Wani ya ci indomi da ƙwai wajen mai shayi, ya ce ya tura kuɗi, alat bai shigo ba, mai shayi ya ce ba inda za shi. Na biyu ya zo, haka. Kafin dare ya raba benci ya cika da waɗanda aka tsare, har da ɗan sanda da ango da ladanin unguwa, wannan yana wanke kofi, wancan yana fifita wuta. Da asuba sabis ya dawo, sai wayar mai shayi ta mutu ba caji. A Kano an yi dariya sosai, amma kowa a kujerarsa ya yi tasa. A nan kuwa duk rumfar ta juya kan mai shayin tasha, ana nuna shi, ana kiran sunansa, shi kuma ya miƙe tsaye yana rantsuwa cewa shi mutum biyu kawai ya taɓa tsarewa. Wani ya fara ba da labarin tunkiyar da ya sayar a Maigatari ranar wata Alhamis ya kwana uku yana jiran kuɗinsa. Rabin maganar fim ɗin ba a ji ba, kuma ba wanda ya damu.

Na uku shi ne wanda ban yi zaton komai daga gare shi ba, don a Kano murmushi kawai ya samu. Wani ɗan siyasa ne yake buɗe rijiyar burtsatse guda ɗaya sau uku, kowane zaɓe da sabon fenti da sabon allo. Rijiyar ba ta taɓa kawo ruwa ba. Daren jajibirin buki ake hayar 'yan garuwa su cika tankin, da safe mai girma ya murɗa famfo, a yi guɗa, a ɗauki hoto. A karo na uku 'yan garuwan suka ce sai an biya su bashin baya, ba a biya ba, mai girma ya murɗa famfo a gaban 'yan jarida, ƙadangare ya fito. Ban taɓa jin rumfar kwano ta yi irin wannan amo ba. "A maimaita! A maimaita!" Sau uku aka mayar da ƙadangaren nan cikin famfo ya sake fitowa. A na ukun dariyar ta fara sanyi. Ɗaya daga cikin magidantan bakin ƙofa ya ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "Wannan ai ba wasa ba ne." Aka fara kiran sunayen garuruwa, kowa da tankin da ya sani.

Ina zaune a nan na tuna da marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014. Mutumin Ɗanlasan ne, ya yi aikin gandiroba kafin fim ya ɗauke shi. 'Yan birni sun daɗe suna raina irin fina-finansa, ana ce musu camama, wai na ƙauye ne, na araha. Shi ma ya sha fitowa a baƙauye, amma mutanen karkara ba su taɓa jin haushinsa ba, su ne ma kasuwarsa. Dalili kuwa, wawan Ibro ya san abin da yake yi. Da jar hularsa zai shiga gidan alhaji ko ofishin hukuma, a raina shi, kafin a farga ya tona asirin kowa. Hanyar da wawan sarki ya bi ke nan, shi da yake faɗa wa sarki abin da waziri ba ya iya faɗa. Ita 'yan kama suke bi in sun naɗa rawani suna wa'azin tuwo da miya, ita yara suke bi da tashe in azumi ya kai goma, ita marigayi Usman Baba Pategi ya bi da Samanja, yana wasa da kakin soja a zamanin da soja ke mulki. Ko wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, ko ni da taubashina, sharaɗinsa ɗaya ne, wanda aka tsokana yana nan, kuma yana da bakin ramawa. Baƙauyen ɗan yayana ba a ba shi baki ba. A Kano babu wanda zai rama masa. A Garki ya sami dangi.

Labari na huɗu a kan kayan lefe ne, kuma da ya fara sai benci ya soma raguwa, wannan ya fita sayen rake, wancan ya tuna bai ɗaure babur ba. Na biyar kuwa, mafarkin wani ɗalibi ne da aka ɗauka a hankali, magana kaɗan, iska tana busawa a makirfo. Ko a Kano mutane wayoyinsu suka shiga dubawa. A nan yana tsakiya inji ya shaƙe ya mutu, wuri ya yi duhu, sai aka ɓarke da tafi, an ɗauka ƙarshensa ke nan. Mai gidan kallo ya tambaya ko ya tayar da injin, yaron ya ce a bar shi. Amfanin fim biyar a kuɗin ɗaya ke nan, in biyu sun faɗi uku za su ɗauke su, kuma matasan da ba su da kuɗin fim mai awa biyu kowannensu ya sami minti goma sha biyar ɗin da zai nuna abin da ya iya da abin da bai iya ba.

Mun dawo gida muka tarar Inna ba ta kwanta ba, tana jiran zanin gadonta. Ta ce tunda da zaninta aka yi, ita ma sai ta gani. Muka rataye shi a igiyar shanya, taubashina ya jawo wuta daga batirin sola, kafin mu gama haɗawa matan maƙwabta sun shigo da mayafansu da 'ya'yansu a goye. Ni da taubashina muka koma bakin zaure muna ji daga nesa. Na lefen suka ce a fara sa musu. Dangin ango ne suka kawo akwati shida, huɗu na aro, ana tsakiyar ƙirga atamfa mai akwatunan ta aiko a karɓo mata kayanta za ta yi tafiya. Labarin da maza suka fice suka bari, shi ya sa matan nan dariya har wata tana tari ana bubbuga mata baya. Suna kallo suna gyara wa fim ɗin kuskure, wai ba uwar amarya ce take buɗe akwati ba, wai tukuicin ya yi kaɗan. Kowace gwaggo da ta fito a zanin, sai sun ba ta sunan wata a unguwa. Ashe labarin ba shi da laifi, masu shi ne ba sa zuwa gidan kallo.

Daga baya yaron ya sa musu nasa. Ban ji dariya ba. Da aka zo inda na'ura ta haɗiye katin, manomin yana waige-waige mutane suna wucewa, sai na ji muryar Inna, "Allah sarki, bawan Allah. Duk garin nan babu wanda zai nuna masa?"

Da safe bayan an karya, Kawu ya ce angon Inna ya raka shi gona. Na bi su a baya. Babu abin nomewa a wannan lokaci, sai kara da kunyoyin da suka bushe, amma Kawu ya taho da fartanya a kafaɗa. Ya miƙa masa. Yaron ya kama, ya duƙa, ya kai sara biyu, Kawu ya yi dariyar da ban ji ya yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ya gyara masa riƙo, ya nuna masa inda ake sa ƙafa, ya tsinko zangarniyar dawa da aka manta ya ɗora masa a tafin hannu, ya ce ya duba da kyau kada ya sake kiranta gero a gaban mutane. Sannan ya ce, "In za ka sa mu a fim, ka zo da damina. Ka yi mana firi, ka yi maimai. Abin dariya yana nan da yawa, mu ma muna yi wa kanmu. Sai dai ba a inda kuke nemansa yake ba."

A tasha, kafin mota ta cika, muka zauna wajen mai shayin jiya. Muka sha, na ciro waya zan tura masa kuɗi. Ya dafe hannuna ya ce, "A'a, Alhaji. Kuɗi hannu, ko ka zauna ka wanke kofi." Duk bencin ya kwashe da dariya, har da waɗanda ba su je kallon ba, don labarin ya riga ya zaga gari. Ya ƙi karɓar ko sisi a ƙarshe, ya ce a gaya wa wanda ya yi na mai shayi ya kyauta, amma ya sani ba a fasa ƙwai da hannu biyu.

Mun kama hanyar Ringim rana ta ɗaga, majigi a cinyar yaron, zangarniyar dawa ta leƙo daga aljihun jakar. Bai tambaye ni ko na ji dariya ba. Mun yi nisa, gawo yana wucewa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo ya ce, "Baffa, a wane wata ake fara shuka a nan?"